Marita da Tsohuwar Bakin Shinge

Marita Holmgren ta haura shekara ashirin tana dafa wa yara abincin rana a makarantar firamaren garinsu, wani ɗan gari a arewacin Suwidin wanda daji ya yi wa ƙawanya. Ta san yaron da ba ya cin kifi, ta san wadda ke tura karas ƙarƙashin faranti, ta kuma san waɗanda ke zuwa ranar Litinin da yunwa a idonsu, ta ƙara musu cokali ba tare da ta ce komai ba. Yaran da ta fara ciyarwa har sun girma sun kawo mata nasu. Ita kuwa haihuwa ba ta zo mata ba.

Mijinta Ronny direban babbar motar katako ne, ƙato mai gemu da yawan barkwanci, kullum da garin taba a ƙarƙashin leɓe. Sun yi zaryar asibiti har suka gaji. Wata rana suna dawowa ya tsayar da mota a gefen hanya, ya ce mata jikinta ya wahala haka nan, ya isa. Ita ce daga baya ta kawo shawarar su nemi yaron da ba shi da kowa a wata ƙasa, su mayar da shi ɗansu a gaban shari'a. Aka zo aka duba gidansu, aka tambaye su abin da ko iyayensu ba su taɓa tambayarsu ba, sannan aka ce su jira. Suka yi ta jira har Marita ta daina shiga ɗakin da suka yi wa fenti don yaron.

Wata rana tana feraye dankali aka kira ta a waya. An sami yaro a Lituweniya, sunansa Rokas, bai cika shekara ba. Uwarsa ta sallama shi, uba ba a san shi ba, babu dangin da ke nemansa. Za su je su zauna kusa da gidan renon da yake, su riƙa ziyartarsa kullum har ya saba da su, kafin a shiga kotu.

Suka isa da kaka, ganyaye na zuba. Wadda ta tarbe su wata mata ce mai suna Jolanta, tsohuwar malamar makaranta da ta koma aikin tafinta, siririya mai saurin tafiya da saurin magana. Ta kai su wani ɗaki da aka kama musu haya a saman wani tsohon bene, ta nuna musu inda ake kunna murhu da inda ake sayen burodi, ta ce kada su taɓa bututun ɗumama ɗaki, hukumar gari ba ta kunna ba tukuna, sai su ƙara bargo.

Washegari aka sa musu leda a takalma, aka bi da su wani dogon lungu mai warin dafaffen kabeji da sabulu. Mai reno ta tura wata ƙofa. Gadajen ƙarfe ne farare a jere, kowanne da jariri a ciki, wasu a zaune wasu a kwance, idanunsu a buɗe. Marita ta tsaya cak a bakin ƙofa. Ita da ta saba da hayaniyar yara har sai ta ɗaga murya kafin a ji ta, yau ga ɗaki cike da jarirai babu mai kuka, babu mai gwaranci. Abin da take ji kawai ƙarar wani gado ne, inda wata yarinya ke jijjiga kanta gaba da baya.

Ta tambayi Jolanta a hankali ko magani ake ba su.

"Babu wani magani," in ji Jolanta. "Masu reno biyu ne, yaran kuma kin gan su. Sun gane kuka ba ya kawo mutum da wuri, sai suka daina."

Aka ɗauko Rokas aka miƙa mata. Farin yaro ne mai manyan kunnuwa, ƙeyarsa ta baje saboda yawan kwanciya. Bai ƙi ta ba, bai kuma kalle ta ba. Ya zuba wa fitilar sama ido. Marita ta tsaya tana jiran abin da ta sha ji ana cewa yana sauko wa uwa in ta fara riƙe ɗanta. Ba ta ji komai ba sai nauyinsa a hannu. Wannan ya fi shirun ɗakin girgiza ta, ta kuma kasa faɗa wa kowa, har Ronny.

Daga nan rayuwarsu ta koma zuwa da dawowa. Da safe su je, da la'asar su koma, tsakani kuma babu abin yi. Su zaga kasuwa, inda tsofaffi ke kasa naman kaza da tuffa da kyafaffen kitse, Marita ta nuna abin da take so da yatsa. Ronny ya koyi kalma ɗaya tak, kalmar godiya, wadda ya ce da atishawa take kama, ya yi ta sakar wa kowa ita har direban bas. Ya kamu da son wani curin dankali mai nama a ciki, kowanne girman takalmi.

"Tsoho, in ka ƙara ɗaya jirgi ba zai tashi da mu ba," Marita ta ce masa wata rana.

"Sai ki bar ni nan, tsohuwa. Mai abincin nan dama ta fi ki sakin fuska."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Kullum sai ta ga wani abu da zai hana ta cin abinci. Ranar da aka bar ta ta ciyar da Rokas, ta ɗebo kunu kaɗan a cokali tana hurawa yadda ta san ana yi. Yaron ya wangale baki ya mayar da kai baya, jikinsa na rawa, ya haɗiye ba tare da ya ɗanɗana ba, ya sake wangalewa. Da ta yi jinkiri sai idonsa ya firfito don tsoro. Ashe an saba ɗura musu da sauri don a kai ga na gaba. Ronny ne ya fara samun kan yaron, da gwangwanin tabarsa: ya mirgina shi a ƙasa, yaron ya bi shi da ido, wata rana har ya kai hannu ya damƙi gemu. Marita tana gefe tana kallo, tana jin kanta kamar baƙuwar da ta rako wani.

Da suka ɗan kwana biyu aka ba su izinin fita da shi cikin keken jarirai, su zaga harabar gidan. A can ƙarshen harabar akwai shingen waya, bayansa wurin tsayawar bas. Marita ta sha ganin wata tsohuwa a wurin, da ɗankwali da baƙar riga mai kauri, ƙafafunta a kumbure cikin takalman maza. Ta ɗauka bas take jira. Ran nan Ronny ya tsaya duba wata tsohuwar motar ɗaukar kaya da ke fake, Marita ta tura keken ita kaɗai har kusa da shingen.

Rokas ya sandare. Ya yi wani sauti da ba ta taɓa ji daga gare shi ba, ya miƙa hannu biyu wajen tsohuwar yana neman faɗowa, sannan ya fashe da kuka, kuka na gaske mai hawaye da majina. Tsohuwar ta zura yatsunta ta cikin waya tana masa magana ƙasa ƙasa kamar waƙa. Sai ta ɗago ta ga fuskar Marita. Ta janye hannu kamar ta taɓa wuta, ta juya tana jan ƙafa, ta bi hanya ba ta ko jira bas ɗin ba.

Marita ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ɗauki yaron, ya banƙare yana neman shingen. A ranar ta sa Jolanta ta kai ta wurin shugabar gidan. Matar ta cire tabarau ta murza ido, ta ce ba a yi musu ƙarya ba, a shari'a yaron ba shi da kowa. Tsohuwar daga wani ƙauye take zuwa, sunanta Aldona, tana cewa ɗanta ne ya yi cikin. Amma ba a yi aure ba, ɗan nata ya mutu kafin a haihu, uwar yaron kuma ba ta ambaci uba ba, ta sallama jaririn ta tafi Ingila neman aiki. Masu reno sun riƙa shigo da tsohuwar ta ƙofar baya duk Lahadi don tausayi. Da aka ji baƙi za su zo, sai aka ce ta daina, kada ta rikita al'amari.

A ɗaki suka yi sa-in-sa, abin da ba su cika yi ba. Ronny ya ce sun jira shekaru, kada ta tono abin da zai raba su da yaron. Marita ta ce an ce mata ba shi da kowa, ita kuma da idonta ta ga wadda yake wa kuka, ba za ta iya yin kamar ba ta gani ba. Jolanta ma ta ja da baya, ta ce aikinta fassara ne ba shiga tsakanin mutane ba. Amma da gari ya waye ita ce ta zo da tsohuwar motarta ta ce su shiga.

Gidan Aldona na katako ne, fentinsa ya kokkoɓe, da rijiya a tsakar gida da bishiyar tuffa da ta zubar da 'ya'ya babu mai tsincewa. Ta gan su ta taga, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa tana goge hannu a jikin riga. Ba ta kore su ba. Ta shigar da su, ta yanka baƙin burodi da farin cuku, ta kawo zuma, ta ɗora buta. A bango akwai hoton wani saurayi da baƙin ƙyalle a kusurwarsa. Marita na kallonsa ta ga kunnuwan Rokas da haɓarsa, babu ko tantama. Ta zauna tun ba a ce ta zauna ba.

Tsohuwar tana zuba shayi ta tambayi Jolanta ko baƙin Italiyawa ne, don babu wanda ya gaya mata inda za a kai jikanta. Jolanta ta ce mutanen Suwidin ne.

Aldona ta ajiye butar a kan tebur. Ta daɗe tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, har ruwan da ya zube ya gangaro ya fara ɗiga a ƙasa. Sannan ta fara magana, muryarta a miƙe, Jolanta na fassarawa tana ƙara rage sauti.

Ɗanta Saulius, shi ke nan gare ta, ya tafi Suwidin bara da bazara aikin dashen itatuwa a daji, don ya tara abin da zai yi aure da shi. Su da yawa a wata tsohuwar ƙaramar bas, kullum a kai su daji a dawo da su. Wata safiya a wata kwana suka yi karo da motar katako. Aka aiko mata da akwati a rufe, aka ce kada a buɗe. Sunan wurin ma a takarda kawai ta gani, ba ta iya faɗarsa. Ta tashi ta nuna musu a jikin wata tsohuwar taswira, inda aka yi alama da biro.

Marita ta duba alamar. Ba garinsu ba ne, amma bai kai tafiyar rabin wuni ba. Ta waiwayi Ronny ta ga ya yi fari fat. Ya tuna labarin. A rediyon mota ya ji shi, an ce ma'aikata baƙi uku sun mutu, ba a faɗi sunan kowa ba, direbobi suka tattauna a wurin shan kofi, kwana biyu aka manta.

Aldona ta dubi manyan hannayensa da ke kan tebur, ta yi tambaya. Jolanta ta juyo wajensa.

"Sana'arka take tambaya. In ce mata direba kawai?"

Ronny ya ce, "Faɗa mata duka."

Jolanta ta faɗa. Tsohuwar ba ta motsa ba.

"Kai ne?" ta tambaya.

"Ba ni ba ne, Kaka. Ban ma san mutumin ba. Amma irin motar nake ja, kuma na san hanyar."

"Ƙasarku ta cinye mini ɗaya," in ji Aldona, "yanzu ta aiko a ɗauki na biyu."

Marita ta ji bakinta na magana tun kafin ta yi shawara da kowa. Ta ce in tsohuwar tana son jikanta, su za su janye, su ma taimaka mata ta kai ƙara a tabbatar jininta ne. Ronny ya juyo ya kalle ta, amma bai hana ta ba.

Aldona ta ɗaga rigarta zuwa gwiwa. Ƙafafun a naɗe suke da bandeji, ya jiƙe ya canza launi. Ta ce ciwon sukari ne. Bokitin ruwa ma sai maƙwabciya ta ɗebo mata. Ta nemi yaron tun yana jinjiri, aka ce ba ta da hujja, ba ta kuma da lafiya, ta yi fushi, ta yi kuka, daga baya ta zauna ta yi wa kanta gaskiya. In ta ɗauke shi, shekara nawa za ta yi masa? Sai ya yi wayo a mayar da shi gidan marayu lokacin da babu mai sonsa. Ta ce abu biyu take nema: kada a canza masa suna, ita ta zaɓa masa, sannan a kai ta ta ga inda ɗanta ya faɗi.

A hanyar dawowa Marita ta ce a tsaya, ta fita ta durƙusa a bakin gona ta amayar da cukun da ta ci. Ronny ya riƙe mata gashi.

Daga ranar ta kafe sai an bar Aldona ta riƙa shiga tare da su. Shugabar ta yi gunaguni ta bari. Tsohuwar ta zauna a kujera Rokas na kan cinyarta, tana yi wa Marita faɗa da harshen da ba ta ji: ta yi sako-sako da riƙo, ta matse shi a ƙirji, ba ƙwai ba ne, ta daina yi masa magana kamar mai neman alfarma. Takan cire yaron daga jikinta da ƙarfi ta ɗora wa Marita, ta kau da kai yana kuka. Wata la'asar ya gaji da kukan, ya tura fuska cikin wuyan Marita ya yi barci yana ajiyar zuciya. Ta zauna ba ta motsa ba har hannunta ya mutu, tsoro ya kama ta, don a lokacin ta gane in aka hana ta shi ba ta san yadda za ta yi ba.

Duk da haka, da aka shiga kotu alƙaliya ta tambaye ta ko akwai abin da za ta ƙara, sai ta faɗi maganar kakar, ko da yake an ba ta shawarar ta yi shiru. Alƙaliyar ta ɗaga zaman, ta ce sai an bincika. Suka koma Suwidin hannu wofi. Matan da suke aiki tare sun riga sun haɗa mata kayan jariri, ta shigo suka ga fuskarta, kowa ta koma kan tukunyarta. Ronny ya yi makonni ba ya barkwanci. Bai taɓa ce mata ita ta jawo ba, amma ya daina zama shan kofi da ita da safe.

Dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina kafin a sake kiransu. A wannan karon Aldona ta zo kotu da rigar da take zuwa coci da ita, aka tallafo ta ta hau matakala. Ta gaya wa alƙaliya cewa ta ga mutanen, matar ba ta iya riƙon yaro ba amma tana koyo, mijin kuma ba ya ƙarya. Aka ba su Rokas.

Da bazara ta zagayo Ronny ya ɗauki hutu, ya tsallaka da mota ta jirgin ruwa ya ɗauko tsohuwar, wadda ba ta taɓa ganin teku ba. Ya riga ya tambayi direbobi har ya gano wurin. Suka je su huɗu. Hanyar tsakuwa ce kawai, da kwana, da kwatami mai ciyawa, sauro na ta shawagi. Aldona ta yi ta waige-waige tana neman wata alama, ta kasa yarda cewa mutum uku za su mutu a wuri a ce babu ko dutse. Ronny ya fito da gicciyen da ya sassaƙa da hannunsa, ya kafa shi, ta kunna kyandir. Sannan ta ce a nuna mata itatuwan da su Saulius suka dasa. Suna can gaba kaɗan, layi layi, ba su wuce gwiwa ba. Ta shiga cikinsu da sandarta ta tsaya, su kuma suka koma mota suka jira ta.

Marita ta koma bakin aikinta, Rokas ya girma ya shigo layin masu karɓar abinci a gabanta, yana jin kunyar ta kira shi ɗana a gaban abokai. Ya daɗe yana cin abinci da sauri, ya daɗe ba ya son a rufe masa ƙofa. Duk bazara sukan kai shi ƙauyen, Marita ta koyi harshen kaɗan kaɗan, tana karya shi ana mata dariya. Ronny ya gyara rijiyar, ya sake wa gidan fenti.

Yaron yana shekara tara Aldona ta rasu. Suka isa ana gobe binnewa, an shimfiɗe ta a ɗakinta cikin furanni, tsofaffin ƙauye na zaune suna rera addu'o'i. Marita ta nemi kujera a can baya kusa da ƙofa, inda ta ga ya dace da baƙuwa. Sai maƙwabciyar nan mai ɗebo ruwa ta taso ta kama hannunta, ta ja ta har gaban gawar, wurin da dangi na jiki ke tsayawa, ta tsayar da ita kusa da Rokas. Marita ta ce an yi kuskure, ita ba 'yar gidan ba ce. Matar ta ce babu kuskure, marigayiyar ce ta ce a yi haka. Nan ta wuni a tsaye, mutanen ƙauye na shigowa ɗaya bayan ɗaya suna riƙe hannunta suna mata ta'aziyya, tana amsa abin da ta gane, wanda ba ta gane ba ta sunkuyar da kai.